Awon Tela

Shekara talatin da ɗaya tef na rataye a wuyana
a layin teloli, kasuwar Wuse.
Na auna ƙirjin ango, na auna ƙugun manya,
ban taɓa faɗin lamba a fili ba,
sai in rubuta, in haɗiye.
Yau ni aka tsayar.

Kyauta, malamar jinya, ta zagayo da nata tef,
ya ƙare bai haɗu ba.
Ta dafe wurin da yatsa, ta ɗora daga farko.
"Yi haƙuri, Baba."
Na san dabarar, 'yata. Da ita na ci abinci.

Sikeli ya ce ɗari da arba'in da bakwai.
Bai rage murya ba.

Likita Shekwolo ya ja takarda yana ƙyasta biro:
ciwon suga, shekara tara.
Hawan jini.
Gwiwar da ke ƙara kamar tsohon keken ɗinki.
"Barci fa?"
Tabawa ce ta amsa daga bayana:
"Numfashinsa kan ɗauke.
Nakan ƙirga, in na kai ashirin in taɓa shi."
Ashe shekaru ina minshari, ita tana gadi.

Ya ce, "Malam Sallau, ka cancanta."
Dariya ta kusa ƙwace mini.
Sau biyu na faɗi jarrabawar shiga sakandare,
yau na ci da maki huɗu,
kowane maki ciwo.

Wa zai gaya masa yadda aka tara wannan jiki?
Na sauka Nyanya da leda ɗaya,
haƙarƙarina a waje kamar haƙoran mataji.
Ƙarƙashin teburin yanka na kwana damina biyu,
garin kwaki da safe, garin kwaki da dare.
Ranar da na fara sayen tsire da kuɗina
na rantse ni da yunwa mun raba gari.
Da na je gida, aka ce, "Kai, Abuja ta karɓe ka!"
Daga yadi biyar na koma bakwai, na koma goma,
ba wanda ya ce mini sannu,
barka kowa ke yi.

Ya zana tumbi a takarda, ya ja layi a tsaye.
"Nan za mu yanke, mu ɗinke,
abin da zai saura kamar hannun riga."
Na ce, "Ashe abokin sana'a ne.
To ka bar mini sarari a ɗinkin,
ko watarana a buɗa."
Bai yi dariya ba.
"Wannan ba a buɗe shi."

Sai sharuɗɗa.
Wata uku in rage da kaina, su ga kamun ludayina.
In ga mai tsara abinci, in ga likitan zuciya,
in zauna da wata ta tambaye ni
me nake ci idan raina ya ɓaci.
Bayan aiki, tuwon da zai ƙosar da ni
ba zai cika kofin shayi ba.
Kuɗin kuwa, filina na Kuje ne, har da kusurwar da na dasa mangwaro.

"Me kake nema?" in ji shi. "Kowa da nasa."
Na so in ce tsawon rai.
Bakina ya ce: ƙasa.
Shekara huɗu ina salla a farar kujerar roba
a ƙarshen sahu, gefen takalma,
ina sunkuyar da kai ga iska.
Goshina ya manta sanyin tabarma.

Takardar na aljihu, ban sa hannu ba tukuna.
A bakin kasuwa mai masa ta hango ni,
ta fara zubawa tun ban tambaya ba.
Na ɗaga mata hannu.
Ban sani ba ko gaisuwa ta ɗauka.